Ƙamshin Anis a Gidan Nerina

Sai da Ornella ta leƙa ta taga, ta ga mahaifiyarta ta sha kwanar coci, baƙin gyalenta ya ɓace, sannan ta sauke ajiyar zuciya ta saki labule.

Ta ciro ƙullin takarda daga aljihun rigarta. Ƙwayoyin anis ne, wani kayan ƙamshin girki, ƙanana kamar riɗi, ƙamshinsu har ya kama yatsunta. Can kasuwar bayan gari ta je ta sayo, wurin matar da ba ta san ta ba, don kada labari ya riga ta isowa gida.

Ba a shigo da anis gidan Sinyora Nerina, mahaifiyar Ornella. Tun ranar da jirgin kamun kifin da mijinta yake ciki ya tafi bai dawo ba, lokacin Ornella tana 'yar firamare, Nerina ta kwashe farantan gashin biskit ta tura ƙarƙashin gado. Ta kuma rantse a gaban kowa cewa 'yarta ba za ta auri mutumin teku ba, ko da shi kaɗai ya rage namiji a Italiya.

Ga shi kuma zuciyar Ornella ta rasa wanda za ta so sai Tullio, mai kula da injin ɗaya daga cikin manyan jiragen da ke zuwa kamun kifi can tekun Afirka. Yau da yamma jirginsu zai tashi, sai bayan wata da watanni.

Duk garin an san abin da ake yi ranar tashin jirgi. Kowace mace takan gasa wa nata biskit ɗin anis mai gashi biyu, wanda yake daɗewa bai lalace ba. Mata ta yi wa miji, uwa ta yi wa ɗa. Budurwa kuwa, in ta miƙa wa saurayi gwangwanin biskit a gaban jama'a, to magana ta ƙare.

Ta fasa ƙwai a kwano, ta zuba sukari, ta shiga bugawa. Tana bugawa tana tuno jiya, da Tullio ya tare ta a bayan shagon ɗinkin da take aiki, hularsa a hannu yana murza ta.

"Ornella, in teku ce matsalar, zan bar ta," ya ce. "An ce ana ɗaukar ma'aikata a kamfanin takalma."

"Kai ɗin? A kamfanin takalma?" Dariya ta kama ta, hawaye kuma na zuba. "Wata guda za ka yi ka fara faɗa da bango. Rannan da aka yi ruwa ba ku fita ba, kowa ya ga yadda ka yi ta zagaye gari kamar ɗan akuyar da aka kwance."

"To ya zan yi? Mahaifiyarki ko gaisuwata ba ta amsawa. Kullum kuma mai kyamis ɗin nan yana gidanku da furanni."

"Furanninsa ƙanwar Mamma, Zia Ersilia, ce take sa wa ruwa, ba ni ba."

"Ni dai zan tsaya a kan jirgi gobe ina duban hanya. In ban gan ki ba, ba zan ga laifinki ba." Ya mayar da hularsa kai. "Amma zan duba."

Ƙwai da sukari suka yi fari suka kumbura. Ta zuba man zaitun, ta kankare bawon lemon tsami, ta riƙa barbaɗa fulawa kaɗan-kaɗan. Babu wanda ya taɓa koya mata. Abin da idonta ya gani ne tana ƙarama, tana tsaye kan kujera a gefen uwarta. Ta murje anis ɗin a tafin hannu, ta watsa a kwaɓin.

Ƙamshin ya buge ta. Sai ga Babanta a idonta, ya shigo da manyan takalmansa, yana satar kwaɓi da yatsa, Mamma na bin sa da ludayi. Ta dafa tebur ta tsaya har abin ya wuce.

Ta raba kwaɓin biyu, ta mulmula kowanne ya yi tsawo kamar hannun jariri, ta jera a farantin da ta jawo daga ƙarƙashin gado ta wanke, ta tura a tanderu.

Lissafinta shi ne Mamma za ta yini gidan ƙanwarta Ersilia, kamar yadda ta saba. Kafin ta dawo an gama komai, an buɗe tagogi, jirgi ya tashi. Faɗan da zai biyo baya kuwa, ta shirya masa.

Ta fito da gashin farko kenan, ya yi ja ya ɗan tsage a sama, ta ajiye ya sha iska, sai ta ji mabuɗi a ƙofar ƙasa.

Ta waiga ta dubi ƙofar kicin.

Takun ya hau matakala da sauri, sannan ya tsaya cak a tsakiya. Shiru. Da ya ci gaba kuwa, a hankali ya riƙa tahowa, kamar mai ɗauke da kaya.

Nerina ta tsaya a bakin ƙofar kicin. Doguwa ce, siririya, baƙaƙen tufafinta ba su taɓa canzawa ba tun rasuwar mijinta. Ta dubi farantin, ta dubi 'yarta.

"Mene ne wannan?"

"Mamma..."

"Na ce mene ne wannan a gidana?"

"Kin san ko mene ne, Mamma."

"Na wane ne?"

Ornella ta goge hannu a zanen gabanta. "Na Tullio ne."

Nerina ta jawo kujera ta zauna, jakarta a cinya. Muryarta ta yi ƙasa, abin da ya fi ihu ban tsoro.

"Na dawo ne in ce ki yi wanka ki sa shuɗiyar rigarki. Dottore Gualtiero yana tafe da Ersilia, yau zai nemi aurenki a bakina. Mutum mai shagon magani, mai kwana a gidansa kullum. Ashe ke kina nan kina haƙa wa kanki rami."

"Ban taɓa ce masa ina son sa ba."

"So!" Nerina ta yi wata dariya marar daɗi. "Ni zan ba ki labarin so. Na fi ki saninsa. So ne ya tsayar da ni a bakin ruwa damina da sanyi ina duban jirgin da ba zai zo ba. Sauran mata in mazansu sun mutu, suna da kabarin da za su kai wa fure. Ni ina zan kai nawa? In watsa a teku?"

"Mamma, don Allah..."

"Bari in gama! Kin san abin da ake ji in iska ta taso, mutum yana kwance, yana sauraron taga? Kin san yadda ake amsa wa yarinya in ta ce yaushe Baba zai dawo? Na ɗauki wannan duka don kada ke ki ɗauka. Na yi wankau, na yi gugar mutane, yatsuna suka kumbura, don ki samu sana'a ki auri mutumin tudu. Yanzu ki tashi ki ce Tullio ɗan Settimio?"

Hawaye suka ɓalle wa Ornella. Ta durƙusa a gaban kujerar, ta kama hannun uwarta. Hannun ya yi sanyi.

"Duk na sani. Ban manta ko ɗaya ba. Amma Mamma, ki gaya min gaskiya. Da an zo miki ranar aurenki an ce ga abin da zai faru, ga kuma mai kyamis yana jira, da wa za ki zaɓa?"

"Kada ki yi min wannan tambayar."

"Da kin bar Baba?"

"Na ce kada ki yi!"

"Ni ma fa na rasa shi." Muryar Ornella ta karye. "Ba ke kaɗai ba. Kin cire hotonsa daga bango, kin ba da rigunansa, ko sunansa ba a faɗa a gidan nan. Har fuskarsa ta fara ɓace min. Ɗazu da na murza anis ɗin nan na gan shi, Mamma. Na gan shi yana satar kwaɓi kina bin sa da ludayi. Shekara da shekaru ban gan shi haka ba."

Nerina ta zare hannunta. Ta juya fuska wajen bango. Kafaɗunta suka shiga rawa, amma ko ƙara ba ta yi ba.

Can ƙasa a titi wani mai keke yana ta buga ƙararrawa, mata na kiran juna, kowa ya nufi tashar jirgi.

Ornella ta miƙe ta share ido da bayan hannu. Ba a ce ta ci gaba ba, ba a kuma ce ta bari ba. Ta ɗauki wuƙa ta ɗora a kan gasasshen kwaɓin ta danna.

Ya marmashe.

Ta sake dannawa. Yankan ya rabe biyu, garinsa ya watse a tebur. Ta cije leɓe, sabon kuka ya taso mata. Na uku ma haka.

"Wayyo Maryamu," in ji Nerina daga bayanta. "Itace kike sarawa?"

Ornella ba ta juya ba.

"Wannan wuƙar nama ce. Ina mai haƙora? Matsa can. Matsa, na ce, kafin ki mayar da shi abincin kaji."

Nerina ta ajiye jaka, ta naɗe hannun riga. Ta jawo wuƙa mai haƙora daga aljihun tebur, ta taɓa kwaɓin da bayan yatsa.

"Da sauran ɗumi, Allah ya taimake ki. In ya huce gaba ɗaya, ba ya yankuwa. A karkace ake yi. Kuma ba dannawa ake ba, ja ake yi, a hankali."

Wuƙar ta shiga tafiya, gurus, gurus. Yanka ya riƙa faɗowa ɗaya bayan ɗaya, kaurinsu daidai da ɗan yatsa, babu wanda ya fashe. Hawaye na gangarowa ta gefen hancin Nerina, ba ta share ba, hannunta kuma bai tsaya ba.

Ta ɗauki wani ɓallin ta sa a baki, ta tauna.

"Sukari ya yi yawa. Anis kuma kin yi rowa. Babanki da ya ci wannan cewa zai yi na marasa lafiya ne."

Ornella ta kalle ta da baki buɗe. Rabonta da jin kalmar Babanki daga wannan bakin har ta manta.

"Kada ki tsaya kina kallona. Rage wutar. Gashi na biyu ba ya son gaggawa, bushewa ake so ya yi, ba ƙonewa ba. Kwantar da su a gefensu. In ƙasa ya yi ja sai ki juya."

"Mamma, kin yarda kenan?"

"Na ce na yarda? Fulawa ce ba na so a yi asara."

Suka jera yankan, suka mayar tanderu. Kicin ya cika da ƙamshi har ya sauka matakala. Sun juya su kenan, ɗaya gefen ya fara ja, sai aka buga ƙofa.

Zia Ersilia ce ta fara shigowa, gajera, mai jiki, tana haki, murmushi har kunne. Murmushin ya mutu tun kafin ta gama shigowa. Ta shaƙi iska, ta dubi yayarta, ta dubi tanderu.

"Nerina! A gidanki?"

A bayanta Dottore Gualtiero ne, cikin kwat mai ruwan toka, gashi ya sha mai, furanni a hannu. Mutumin cikin tudu ne, bai daɗe da buɗe shago a garin ba.

"Barka da yamma, Sinyora. Kai, wannan ƙamshi!" Ya miƙa wa Ornella furannin yana ɗan sunkuyawa. "Ashe har an yi min girki? Sinyorina, kin kunyata ni. Kin san anis yana da kyau ga ciki? Muna ba masu kumburi."

"Ai Ornella akwai hannu," Zia Ersilia ta yi saurin cewa, tana zare wa yarinyar ido. "Tun safe take cewa me za ta yi wa Dottore. Ko ba haka ba, 'yar nan?"

Nerina ta fito da farantin ta ajiye a tebur. Biskit ɗin sun bushe sun yi ja, suna ɗan ƙara in sun taɓa juna. Gualtiero ya miƙa hannu.

"Dottore," in ji Ornella. "Ka yi haƙuri. Ba naka ba ne."

Hannunsa ya tsaya a iska.

"Ke!" Zia Ersilia ta dafe ƙirji. "Kin haukace?"

"Zia, ki bar ni in faɗa, ya fi a yaudare shi." Ta fuskance shi. "Kai mutumin kirki ne, ba ka taɓa yi min komai ba sai alheri. Amma akwai wanda nake so. Jirginsu zai tashi yanzu, wannan guzurinsa ne."

Fuskar Gualtiero ta yi ja har wuya. Ya janye hannu ya sa a aljihu.

"Mai injin nan? Wanda hannunsa ba ya rabo da baƙin mai?" Ya juya ga Nerina. "Sinyora, ke kin fi kowa sanin abin da nake nufi. Ni ba na cewa na fi shi komai. Amma ni zan dawo gida kowace yamma. Shi wa zai ba ki tabbacin haka?"

"Ka ji magana," in ji Zia Ersilia. "Nerina, ki buɗe baki mana! Ke kika rantse, da kunnena na ji. Za ki bari yarinyar nan ta ƙare da baƙin gyale irin naki?"

Nerina tana tsaye, tana kallon farantin.

Daga nesa jirgi ya yi kuka, dogo, mai kauri. Kiran farko kenan.

Ornella ta runtse ido. "Mamma, in kin ce kada in je, ba zan tsallake maganarki in fita ba. Amma ba zan auri kowa ba. Zan zauna da ke a gidan nan har mu tsufa tare."

"Ji min 'yar banza," in ji Nerina a hankali. "Wa ya ce ina son zama da ke?"

Ta shige ɗaki. Aka ji tana jan akwati. Ta fito da wani tsohon gwangwani mai zanen jiragen ruwa, fentinsa duk ya goge a gefe. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a ciki, ta shiga jera biskit ɗin, ba ta kula da zafinsu ba. Ta bar murfin a ɗan buɗe don tururi ya fita. Sannan ta gyara gyalenta ta rungume gwangwanin.

Ornella ta miƙa hannu za ta karɓa.

"Ni zan riƙe."

"Ina za ki, Nerina?" in ji Zia Ersilia.

"Dottore, ka gafarce mu. Ersilia, ki ba shi kofi."

Ta sauka matakala. Ornella ta bi ta a guje, ko zanen girkin ba ta cire ba.

Duk hanya Ornella ba ta san me za a je a yi ba. Ko miƙawa uwarta za ta yi, ko watsawa za ta yi a ruwa a gaban kowa, ko zagin Tullio za ta je ta yi ta ƙare maganar har abada.

Tashar ta cika maƙil. Mata da yara, tsofaffi da sanduna, Fada, limamin coci, yana yayyafa wa jirgi ruwan albarka. Wata tsohuwa ce ta fara hango su, ta taɓa ta kusa da ita. Kafin ka ce me, surutu ya ragu. Tun da aka daina neman jirgin mijinta, babu wanda ya sake ganin Nerina a wannan wurin. Mutane suka riƙa darewa suna ba ta hanya.

Da Nerina ta iso bakin ruwa ta ja ta tsaya. Ornella ta riƙe mata gwiwar hannu.

Tullio yana can sama, ya dafa ƙarfen jirgi. Ya ga Ornella, fuskarsa ta washe. Sai ya ga wadda take tare da ita, ya daskare.

"Kai, ɗan Settimio!" Muryar Nerina ta ratsa tashar. "Sauko nan."

Ya sauko da gudu har yana tuntuɓe a kan katako. Abokan aikinsa suka leƙo, babu mai dariya. Ya cire hula ya tsaya a gabanta, kansa a ƙasa.

"Barka da yamma, Sinyora Nerina."

Ta dube shi tun daga takalmi har gashi.

"Ka iya iyo?"

"Na iya, Sinyora."

"Kana shan giya a kan aiki?"

"A'a, Sinyora."

"Ƙarya yake!" wani ya yi ihu daga sama. Aka tuntsire da dariya, wani ya kai wa mai ihun duka da hula.

Nerina ba ta yi dariya ba. Ta juya ta ɗora gwangwanin a hannun 'yarta.

"Ke kika kwaɓa. Ba ni zan miƙa ba."

Ornella ta miƙa masa da hannu biyu, hawaye sun hana ta ganin fuskarsa sosai. Ya karɓa, yatsunsa suka rufe nata. Gwangwanin da sauran ɗuminsa. Matan da ke kusa suka ɗauki shewa da tafi.

"Ku yi min shiru!" in ji Nerina. Aka yi tsit. Ta nuna Tullio da yatsa. "Kada ka ɗauka na ba ka 'yata. Ban ba ka komai ba. Biskit ɗin naka ne, ka cinye. Amma gwangwanin nan nawa ne, tun na aurena. Ina son abina. Ba aike ba, ba ta hannun kowa ba. Kai da ƙafarka za ka hawo matakalata ka miƙo min. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Tullio ya rungume gwangwanin a ƙirji.

"Na ji, Sinyora. Zan kawo."

"To tafi, kana ɓata wa mutane lokaci."

Jirgin ya sake yin kuka. Aka janye katako, aka kwance igiyoyi, ruwa ya fara buɗewa tsakanin jirgi da tudu. Ornella ta ɗauka uwarta za ta juya ta tafi gida.

Nerina ba ta motsa ba. Ta laluba ta kamo hannun 'yarta, ta matse shi gam.

"Ɗaga masa hannu mana," ta ce. "Yana kallonki."